Hita ta ƙi ɗumi? Fara tambayar tafin hannunka

Yawancin 'yan'uwa masu zuwa karatu Ingila a watan Satumba suke sauka, lokacin da sanyi bai nuna halinsa ba. Sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba, a mayar da agogo baya da awa ɗaya, magariba ta fara faɗuwa kafin ƙarfe biyar, sannan mutum ya tuna da hita, wato farin ƙarfen nan da ke manne da bango a ƙarƙashin taga. Ka kunna, falo ya yi ɗumi, kicin ya yi ɗumi, na ɗakin kwananka kuwa kamar randar da ta kwana a waje da hunturu.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne babu wuta a cikin ƙarfen nan, kuma ba lantarki yake ja ba. Ruwa ne a ciki. Akwai tukunyar gas, wadda ake kira boila, galibi a kicin ko a cikin wani kabad. Ita ke dafa ruwan, wani ɗan famfo ya tura shi ta bututu ya zaga hitocin gidan ya dawo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban bakanike ya san lagireton mota, to ɗan'uwansa ne. Bambancin kawai, zafin da mota ke neman rabuwa da shi, shi kake biya wa kuɗi a nan. In hita ta yi sanyi, wani abu ne ya tare wa ruwan zafi hanya.

In duk hitocin gidan ne suka mutu, matsalar ba a jikinsu take ba. Duba mita, don akwai gidajen haya masu mitar kati irin tamu ta gida, kuɗi na ƙarewa gas ya ɗauke. Duba na'urar daidaita zafi da ke bango, wataƙila an ajiye ta ƙasa da zafin ɗakin. Sannan ka leƙa ɗan agogon da ke jikin boila mai nuna ƙarfin ruwa: in boila ta huce, allurar ta kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. In ta faɗi kusa da sifiri, yawancin boiloli ba za su tashi ba.

In kuwa guda ɗaya ce, bar hita a kunne kamar minti ashirin, ka shafa ta daga sama har ƙasa.

Ƙasa da ɗumi, sama da sanyi: iska ce ta taru, ta hana ruwa hawa. Wannan ita ce cutar da ta fi yawa, kuma ta fi sauƙin magani. Wani lokaci ma za ka ji hitar tana ƙugi kamar cikin mai azumi. A saman hitar, ta gefe ɗaya, akwai ɗan ƙaramin noti mai kai murabba'i. Yana da makullinsa na musamman, ana sayar da shi fam ɗaya ko biyu a shaguna irin su B&Q da Screwfix, wasu hitocin kuma sukudireba mai faɗin baki ma tana buɗe su. Kashe boila tukuna, ka jira ƙarfen ya huce, don ruwan ciki yana iya ƙona fata. Riƙe tsumma a ƙasan notin, ka ajiye roba a ƙasa. Murɗa makullin hagu a hankali, rabin zagaye ya isa. Za ka ji huci kamar ana sace taya. Da zarar hucin ya tsaya ruwa ya fara tsartuwa, ka murɗa dama ka rufe, ba tare da ka matse shi da ƙarfin tsiya ba.

Rabin zagaye na ce, kuma da dalili. A shekarata ta farko na ɗauka sai an kwance notin gaba ɗaya. Ya fice ya faɗa bayan hitar, baƙin ruwa ya yi ta feshi a kan kafet mai ruwan madara, ni kuma yatsana a bakin ramin ina kiran maƙwabci. Da na tashi daga gidan, a kuɗin ajiyata aka cire na wankin kafet.

Bayan ka fitar da iska, koma wajen agogon boila, don ƙarfin ruwa yakan ɗan sauka. Ana ƙara shi ta wani ɗan bututu da ke ƙasan boilar, mai bawul ɗaya ko biyu: a buɗe a hankali, allura ta kai inda ake so, a rufe. Kowace boila da tsarinta, saboda haka ka sa mai gidan ko ejan ya nuna maka sau ɗaya. In ka ga kowane mako sai ka ƙara, ruwa na yoyo a wani wuri, ka sanar.

Hita ta yi sanyi gaba ɗaya, har bututun da ke shiga cikinta? Durƙusa ka duba bawul mai lambobi a gefenta na ƙasa. Mutanenmu da yawa suna ɗaukarsa kamar makunnin risho, wai 5 ta fi 3 saurin zafi. A'a. Lambar tana faɗin inda zafin ɗaki zai kai ne kafin bawul ya rufe kansa. 3 wajen digiri 20 ke nan, alamar tauraro kuma don kada ruwa ya daskare ne kawai. In ka murɗa zuwa 5 shiru, to mai yiwuwa allurar cikinsa ce ta maƙale, don ta yi watannin zafi a rufe ba motsi. Kwance zoben da ke riƙe da kan bawul ɗin na roba ka ɗaga kan, ruwa ba zai fito ba. Za ka ga ɗan tsinken ƙarfe a tsaye. Danna shi da bayan cokali, ya kamata ya shiga ya dawo da kansa. In ya ƙi, ɗan ƙwanƙwasa gefen bawul ɗin a hankali ka sake dannawa. Kada ka fizge shi da filaya, in ya fito gaba ɗaya ruwa zai biyo shi.

A ɗaya gefen akwai wani bawul mai farar hula, ba lamba. Da shi ake raba ruwa tsakanin hitoci, don ta kusa da boila kada ta cinye rabon ta nesa. Ni shawarata ka ƙyale shi. In dole sai ka taɓa, ƙirga zagayen da ka yi don ka iya mayarwa.

Sama da zafi, ƙasa da sanyi, musamman ta tsakiya: wannan tsatsa ce ta narke ta zama baƙar laka ta kwanta. Makulli ba ya maganinta, sai an wanke hitar ko bututun gidan duka. Nan aikinka ya ƙare, na mai gida ya fara. Sashe na 11 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida a Ingila gyaran kayan ɗumama ɗaki da ruwan zafi. Kawaicinmu na gida, kada a ce baƙo ya cika ƙorafi, ba ya aiki a nan. Aika saƙon imel, ka faɗi ranar da abin ya fara, ka haɗa da hoto. In an share ka, ƙaramar hukumar yankinku tana da sashen da ke duba lafiyar gidajen haya. Hukumomin lafiya na ƙasar suna ba da shawarar ɗaki kada ya gaza digiri 18, balle in akwai jariri ko dattijo.

Murfin boila kuwa ba a buɗe shi, ko da kai injiniya ne a gida. Tun 2009, sai mai rajistar Gas Safe doka ta yarda ya yi aikin gas, kuma yana da katin shaida, tambayarsa ba rashin kunya ba ne. Dole ne mai gida ya sa a duba kayan gas kowace shekara ya ba ka takardar. In ka ji warin gas, buɗe tagogi, kada ka taɓa makunnin lantarki, ka fita ka kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999.

Kuma don Allah, yayin da kake jiran mai gyara, kada ka tuna da kaskon garwashi. Ko a gida yana kashe mutane a ɗaki rufe, ina ga nan da tagogi gilashi biyu ne, ko iska ba ta ratsawa. Gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da barci take kawowa, har ta kashe mutum. Haka nan kunna kukar girki a bar ta tana ci don ɗumi. Nemi ƙaramar hita ta lantarki, ka tambayi mai gida ko zai ba ka aro.

Af, in gidanka ba gas, hitarka wata ƙatuwa ce mai nauyi da waya a jiki, duk wannan bai shafe ka ba. Bulo ne a cikinta, tana tara zafi da dare lokacin da lantarki ya fi araha, ta saki da rana. Kada ka shanya kaya a kanta.

In zafi ya dawo wajen watan Mayu ka kashe hita, bar bawulolin a kan 5 don allurar kada ta maƙale. A farkon Satumba ka kunna na rabin awa ka zaga ɗaki-ɗaki da tafin hannu, tun masu gyara ba su fara ba da layin mako biyu ba.