Gocewar ƙoƙon gwiwar kare: kurakuran da aka fi yi kafin tiyata da bayanta

Kare na cikin gudu sai ka ga ya ɗage ƙafar baya guda, ya yi tsalle uku ko huɗu a kan sauran, ya miƙe ta baya kamar mai shuri, sannan ya ci gaba da gudunsa kamar ba abin da ya faru. Wasu dariya abin yake ba su, wasu su ce ƙaya ya taka. Kuskuren farko ke nan. Sau da yawa ƙoƙon gwiwarsa ne ya goce daga mazauninsa, miƙewar da ya yi wa ƙafar kuma ita ta mayar da shi.

A ƙarshen ƙashin cinya akwai wani kwarmi mai santsi da guringuntsi ya lulluɓe, a cikinsa ƙoƙon yake zamewa sama da ƙasa. Tsokar gaban cinya ke jan sa ta sama, wata jijiya kuma ta ɗaure shi ta ƙasa a jikin wani ɗan tudu da ke saman ƙashin ƙwauri. Muddin waɗannan suna kan layi ɗaya, lafiya lau. Amma in ƙashin cinya ya ɗan karkace, ko tudun ya kauce gefe, ko kwarmin bai yi zurfi ba, to duk jan da tsoka ta yi sai ta fizgo ƙoƙon waje, akasari ta ɓangaren ciki. An fi ganin haka a ƙananan karnuka irin su Ciwawa da Fomeraniyan da ƙaramin Fudul, ko da yake manya irin su Labrado ba su tsira ba. Yawanci ba faɗuwa ko buguwa ke jawo shi ba, da shi kare yake tasowa, kuma ana gadonsa. Shi ya sa haɗa irin wannan kare barbara don a samu 'ya'ya ganganci ne. Kusan rabin karnukan da ke da matsalar, a gwiwa biyu suke da ita, saboda haka a sa likita ya duba ɗaya ƙafar ma ko da ba ita ake ɗingishi da ita ba.

Wani kuskuren shi ne a dogara da hoton ƙashi kaɗai. Ƙoƙon da ke fita yana komawa zai iya kasancewa zaune daram a lokacin da aka ɗauki hoton, sai a ce ba komai. Da hannu likitan dabbobi yake gane ciwon, yana lanƙwasa gwiwar yana miƙe ta yana tura ƙoƙon. Amfanin hoto shi ne a ga karkacewar ƙashi da yadda gaɓar ta ci. In kana da waya, ɗauki bidiyon ɗingishin a gida ka tafi da shi, domin kare da ya ga likita sai ya daddage ya yi tafiyarsa sumul.

Likitoci sun kasa ciwon mataki 4. A mataki na 1, sai an tura ƙoƙon da hannu yake fita, da an sake shi ya koma. A na 2, yana fita da kansa, ya zauna a waje har sai kare ya miƙe ƙafa ko an mayar da shi. A na 3, a waje yake kwana ya tashi, ana iya mayar da shi da hannu amma nan da nan ya sake ficewa. A na 4 kuwa ya kafe a waje, ba ya komawa ko an tura, kuma karen yakan yi tafiya a tsugune da ƙafafu a lanƙwashe kamar baka.

A nan mutane suka fi ruɗewa, don suna ɗaukar lambar matakin kamar hukuncin alƙali. Ɗaya ya ji an ce mataki na 2 sai ya tayar da hankali lallai a yi tiyata gobe, alhali karensa sau ɗaya a wata yake ɗage ƙafa, yana cin abincinsa yana wasansa. Ɗaya kuma ya ce ai na 2 ne kawai, ya bar kare yana ɗingishi kullum har tsokar cinyar ta motse. A ganina dukansu sun kalli takarda sun bar kallon karen. Mataki na 1 da ba ya damun kare ba a yi masa aiki. Na 3 da na 4 galibi sai da tiyata. Na 2 shi ne mai wuyar sha'ani, kuma abin da ke raba gardama shi ne: sau nawa yake ɗingishi, abin na ƙaruwa ne ko yana nan yadda yake, ya daina hawa inda ya saba hawa, cinyar nan ta fi ɗayar ƙanƙanta? Rubuta ranakun da ka ga ɗingishin na tsawon wata guda, wannan ya fi "ina jin ya ƙaru" amfani ga likita.

Jinkiri ma yana da nasa farashin. Duk fita da komawar ƙoƙon tana goge guringuntsi, wanda ba ya tsirowa yadda yake da, daga nan amosanin gaɓa ya shigo. Gwiwar da ta saba kaucewa kuma tana ɗora nauyi a kan jijiyar tsakiyar gwiwa mai riƙe ƙashi biyun, tana iya tsinkewa. Saboda haka tsohon kare da ya shekara yana ɗan tsallensa, in rana ɗaya ya ƙi taka ƙafar gaba ɗaya, kada a ce ciwonsa ne na da. A kai shi a duba. Kwikwiyo mai mataki na 4 shi ma ba a cewa bari ya girma tukuna, don dannawar ƙoƙon ce ke haƙa kwarmin yayin girma, in babu shi a wurin ƙashin zai tashi a karkace.

Sai maganar magani. Kada ka ba kare ibufrofen ko diklofenak da ke cikin durowarka, suna iya huda masa ciki su lalata ƙoda. Farasitamol ma sai in likita ne ya auna. Akwai na karnuka irin su meloksikam da kafrofen, su ma ba a haɗa su da maganin kumburin nan firedinisolon. Magungunan ƙarin lafiyar gaɓa da ake talla kuwa, ko sun yi wani amfani, ba za su zurfafa kwarmi ko su miƙe ƙashi ba. Abin da ya fi su aiki nesa ba kusa ba shi ne rage ƙiba, da tafiya a hankali kullum don tsoka ta yi ƙarfi.

In an tsayar da tiyata, kada kunya ta hana ka tambayar me za a yi. Ba aiki ɗaya ba ne. Ana yanko saman kwarmin tare da guringuntsinsa, a ƙwaƙule ƙasan, a mayar da shi ya zauna da zurfi. Ana yanke tudun nan na ƙashin ƙwauri a gusa da shi kan layi, a kafe shi da siraran ƙarafa, wani lokaci da waya. Ana sassauta naman gefen da ya ɗaure, a tsuke gefen da ya saki. In karkacewar ta yi yawa har ƙashin cinya ake yankewa a miƙe shi da farantin ƙarfe. Kare baligi da ƙashinsa ya kauce, in tsuke nama kawai aka yi masa aka bar ƙashin, ƙoƙon yakan sake gocewa. Tambayi likita wanne zai yi, don me, kuma in ya sake gocewa mene ne shiri.

Amma inda aiki ya fi lalacewa a gida ne, kuma tausayi ke lalata shi. Bayan kwana goma ko sati biyu kare zai fara taka ƙafa, ya kaɗa wutsiya, ya yi ta kuka a keji. Sai mai shi ya ce ai ya warke, ya buɗe masa. Fatar ce ta warke. Ƙashin da aka yanke yana buƙatar sati 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, kuma tsalle ɗaya daga kan kujera ya isa ya ɓalle tudun da aka kafe. Duk tsawon wannan lokaci, keji ko ƙaramin ɗaki, fita bayan gida da igiya a wuya, ba matakala, ba kokawa da wani kare. Daɓe mai santsi a shimfiɗa masa tabarma ko darduma. A rage masa abinci kaɗan tunda zaune yake.

Abin wuyan nan mai kama da mazurari da ake sa wa kare don kada bakinsa ya kai ga ɗinki, kada a cire shi da dare don ya samu barci. Da dare yake lasar ɗinkin, harshe kuma ba ya warkar da rauni, ƙwayoyin cuta yake kai masa. A bar masa shi sai an cire zaren ɗinki, tsakanin kwana 10 zuwa 14. Kwanakin farko a riƙa ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 10, ba a kan fata tsirara ba.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su yi ta ɗaukar kare a hannu wata biyu ba ya taka ƙasa. Gwiwar sai ta sage, tsoka ta narke. Ana son ya taka, amma da awo: lanƙwasa gaɓar a hankali yadda likita ya nuna, da tafiyar minti 5 a igiya, ana ƙarawa sati-sati. Tafiya a hankali ita ke tilasta masa sauke ƙafar, in ka yi sauri ɗage ta zai yi ya bi ka da uku.

Kumburin da ke ƙaruwa, ruwa ko wari daga ɗinki, ko kare da ya fara takawa ya koma ɗagewa, duk na komawa asibiti ne a ranar. Hoton da ake ɗauka a sati na 6 zuwa 8 shi ke nuna ko ƙashi ya haɗe, kada a tsallake shi don an ga kare na tafiya. Bayan watanni kuma in ka ji wani ɗan tsini a ƙarƙashin fatar gaban gwiwa, ko ka ga yana yawan lasar wurin, wataƙila ɗaya daga cikin ƙarafan ne ya zamo. In ƙashi ya riga ya haɗe, ƙaramin aiki ne a zare shi.