Kiɗan Daren Halowin: Inda Masu Shirya Shi Suka Fi Yin Tuntuɓe

Ranar 31 ga Oktoba, da zarar rana ta faɗi a unguwannin Amurka, yara kan fito cikin shigar fatalwa da mayu da ƙwarangwal, suna bi gida-gida ana ba su alewa. Bikin Halowin ke nan. Tushensa bikin Samhain ne na mutanen Ailan da Sikotilan na dā, 'yan ci-rani kuma suka ƙetara da shi Amurka a ƙarni na 19. Kabewar da ake fafewa, da kyandir, da yanar gizo-gizo ta ƙarya, duk kuɗi ke saye. Kiɗan ne ke buƙatar kunne, kuma a nan aka fi kwafsawa.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar ƙara a matsayin tsoro. Sai mutum ya ƙure lasifika, ya zuba ihu da kururuwa da ƙarar sarƙa tun faɗuwar rana har tsakar dare. Minti biyar na farko baƙi za su zabura. Daga nan kunne ya saba, ihun ya zama tamkar kukan janareto, ba mai ko waiwayawa. Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwa tana tatsuniya ya san ba ta ɗaga murya idan Dodo ya kusa fitowa. Sassautawa take yi, ta ja numfashi, ta bar yara su matso su manne da juna. Dabarar da mai tsara kiɗa John Williams ya bi ke nan a fim ɗin Jaws na 1975: amo biyu kacal masu kauri, suna bin juna a hankali, suna ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Tun ba a ga kifin nan mai cin mutane ba, cikin mai kallo ya ɗuri ruwa. Ko kiɗan nan mai tsinka zuciya na wurin kisan banɗaki a fim ɗin Psycho, wanda Bernard Herrmann ya tsara a 1960 da kayan tsirkiya zalla, ɗan gajere ne ƙwarai, kuma sai da aka daɗe ana jin zubar ruwan wanka kawai kafin ya ɓarke. Saboda haka ka rage sautin har baƙi su iya hira ba tare da sun ɗaga murya ba, ka bar giɓin shiru tsakanin waƙoƙi, ihu kuwa ya zo jefi-jefi, lokacin da ba wanda ya zata.

Sai rashin sanin wa ake yi wa kiɗan. Kiɗan Halowin iri biyu ne, kuma ba sa shan inuwa ɗaya. Akwai na raha da rawa, irin Monster Mash ta Bobby Pickett, wadda ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da ke tashe a Amurka a Oktoban 1962. Barkwanci ce tsantsa, mawaƙin yana kwaikwayon muryar Boris Karloff, jarumin tsofaffin fina-finan tsoro. (BBC dai ta ƙi saka ta a wancan lokacin, wai ta cika zancen gawa, sai a 1973 ta kai matsayi na uku a Birtaniya.) Ita da waƙar fim ɗin Ghostbusters ta 1984 su ne na bakin ƙofa, inda yaro ɗan shekara huɗu zai zo da jakar alewarsa. Idan ka tare shi da kukan mace da ƙarar zarto, da kuka zai koma, iyayensa kuma su tsallake gidanka baɗi.

Ɗaya nau'in na manya ne, kuma shi ma ana saka shi inda bai dace ba. Ɗauki kiɗan fim ɗin Halloween na 1978, wanda daraktan fim ɗin, John Carpenter, ya tsara da kansa. Yawancin kiɗan rawa bugu huɗu-huɗu yake tafiya, ƙafa ta san inda za ta sauka. Shi wannan biyar-biyar ne. Ƙafa na jiran a dawo farko, sai ta ci karo da ƙarin bugu ɗaya, kamar mai saukowa daga bene cikin duhu ya tarar da matakalar da bai lissafa ba. Wannan rashin natsuwar ita ce amfaninsa, ita ce kuma dalilin da ya sa idan aka jefa shi tsakiyar rawa, fili ke watsewa. Wurinsa mashigar gida ko lungu mai duhu.

Thriller ta Michael Jackson kuwa ba a rasa ta, amma a duba wadda aka ɗauko. Bidiyon da John Landis ya shirya a 1983 ya kusa minti 14, da hira da tafiya a ciki. Ta cikin faifan, mai kusan minti shida, ita ce ta rawa.

Akwai kurakuran da ba na zaɓi ba ne, na kayan aiki ne. Waya da ƙananan lasifikoki ba sa iya fitar da sauti mai kauri, alhali shi ne ke taɓa ƙirji. Ka saka rugugin aradu a waya, sai ka ji kamar ana murza leda. Nemi lasifika mai ɗan girma, ka ɓoye ta ƙasa, bayan shuka ko ƙarƙashin matakala, don sautin da ba a ga mafitarsa ba ya fi tayar da tsikar jiki. Kada ka ɗauko sautin iska da ƙarar ƙofa na daƙiƙa talatin ka bar shi yana maimaita kansa, domin a zagaye na uku kowa ya haddace inda mujiya za ta yi kuka. Tun 1964 kamfanin Disney ya fitar da faifai guda na irin waɗannan sautuka, yanzu kuwa masu tsawon sa'a suna nan birjik. Ka kuma sauke komai daga intanet tun da rana. Ba abin da ke kashe yanayi kamar tallar sabulu ta faɗo tsakiyar kukan fatalwa.

Wani abin da ke ɓata wa mutanen Meziko rai shi ne cusa kiɗansu na Ranar Matattu cikin jerin waƙoƙin tsoro. Nasu bikin na 1 da 2 ga Nuwamba ne, na tunawa da 'yan'uwan da suka rasu, ba na firgita kowa ba. Ganin ƙoƙon kai a duka biyun bai mai da su abu ɗaya ba.

Masu ɗora bidiyon biki a YouTube su ma su lura. Misali, Bajamushe mai tsara kiɗa Johann Sebastian Bach ya rasu tun 1750, kiɗansa ya zama na kowa, amma ƙungiyar makaɗan da ta naɗi nata a faifai tana da haƙƙin mallakar abin da ta naɗa, kuma ana iya toshe bidiyon ko a karkatar da kuɗin tallarsa.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne yanke Danse macabre, wanda Bafaranshe Camille Saint-Saëns ya tsara a 1874. Labari ne cikakke cikin kusan minti bakwai. Yana farawa da amo ɗaya da ake kaɗawa sau goma sha biyu, alamar sha biyun dare ta buga. Sai Mutuwa ta ɗauki gogenta. Saint-Saëns ya sa a sassauta tsirkiya ɗaya ta gogen da gangan, don ta ba da wani haɗin amo mai karce kunne, wanda makaɗan Turai suka yi wa laƙabi da shaiɗanin cikin kiɗa. Za ka ji ana cewa coci ta taɓa hukunta masu kaɗa shi. Ƙari ne, malaman waƙa dai sun riƙa hana ɗalibai shi saboda wuyar rerawa. Daga nan matattu su fito rawa, ana buga wani kayan kiɗa na jerin katako yana ƙwas-ƙwas kamar ƙasusuwa na karo da juna. Mutane kan tsallake farkon don ya yi shiru da yawa, su kuma datse shi da zarar rawar ta kai ƙololuwa. Ajiye shi sai ƙarshen dare, ka fara shi daidai sha biyu, ka bar shi ya ƙare da kansa. Can wajen ƙarshe wata 'yar algaita za ta yi carar zakara, ƙasusuwa su ruga kabari, gogen ya yi ɗan kukansa na sallama, baƙi kuma su fara laluben rigunan sanyinsu.