Yadda za ki ƙawata tishet mara zane a gida

'Yar'uwa ki leƙa kasuwar Taminus da ke Jos ki samo tishet ta auduga, ko ta gwanjo ce ba komai, da fentin yadi. Ki wanke ta tukuna ta bushe sannan ki zura kwali a ciki, in ba haka ba fentin zai ratsa ya ɓata bayan rigar, ni ma haka na tafka asara da farko wallahi. Ki yanke zanen da kike so a takarda mai kauri, ki ɗora, ki dinga dangwala fenti da soso kaɗan-kaɗan, kar ki jiƙa shi sharkaf. Da sanyin Jos ɗin nan gara ki bar ta ta kwana ta bushe. Washegari ki juya ta ki yi mata guga ta ciki, wanki kuma da ruwan sanyi.