Yadda za ku farfaɗo da tsohon ginin hukuma a garinku

Kusan kowane gari a Arewa akwai irinsu, tsohon ofishin En'e, kotun alƙali, gidan waya, tashar jirgin ƙasa, an garƙame an bar wa jemagu da awaki. Abin yana min ciwo wallahi, don canza wa gini aiki ba baƙon abu bane a wajenmu. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 yanzu gidan tarihi ce, gidan Sardauna a Kaduna ya zama cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, Gidan Ɗan Hausa a Kano da aka fara makarantar boko a cikinsa shi ma yana nan ana amfani da shi.

Toh in ƙungiyarku ta unguwa ta sa ido kan wani, ku fara da takarda. Ku gano na waye, ƙaramar hukuma ce ko jiha ko masarauta, in yana cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa sai da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wato NCMM, kafin ku taɓa ko bulo ɗaya. A rubuta haya ta shekaru masu yawa, da shaidu, a sanar da mai unguwa. Kar ku zuba kuɗi kan alkawarin baki, ciyaman yana sauka magana ta canza.

Sai ruwa, nan ne fa aikin yake. Mutane suna farawa da fenti da tayil, alhali abin da ke cin ginin daga sama yake zuwa. Ku hau soro kafin damina, ku duba indararo ko ya toshe, ku ƙwanƙwasa azara ku ji ko gara ta cinye cikinta, ku gyara magudana ruwa ya daina kwanciya a gindin bango. In ginin ƙasa ne don Allah kar a yaɓa masa siminti, siminti yana riƙe danshi a ciki, waje fes ciki yana ruɓewa har wata rana ya ɓalle gaba ɗaya da rabin bangon. Ku nemo tsofaffin magina masu sanin tubali da makuba, har yanzu suna nan, su ne suka san ginin.

Sana'ar da za a sa ita ma a zaɓa. Teloli, masu dukanci, ajin koyon kwamfuta, ɗakin karatu, wajen taron ɗaurin aure, duk sun dace, bango mai kauri yana da sanyi ko babu wuta. Amma injin niƙa ko babban janareto a jikin bango, a'a, girgiza tana tsaga shi. Wayar sola a bi da ita ta saman bango cikin bututu, kar a fasa, in ana son raba ɗaki a sa katako wanda za a iya cirewa.

Kuɗin haya kuma, tun watan farko a ware wani kaso a asusu daban na yaɓen shekara-shekara, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar.