Yadda za ka zauna lafiya da iyalin da suka sauke ka a Ostireliya

Yawancin ɗaliban da na ga zamansu ya yi tsami a gidan masu masauki a Ostireliya, kunya ce ta ja musu. Maganar biza da inshorar lafiya makaranta za ta yi maka bayani, ba zan tsaya a kansu ba. Zaman gidan ne ba mai koya maka.

Fara da jaka. Kilishi da dambun nama, bar su a gida. Ƙasar tana da tsauri ƙwarai kan shigo da nama da iri da ɗanyen tsiro. Za a ba ka katin shiga ƙasa ka cike. Duk abin ci da ka ɗauko, ko kuka ce ko yaji, ka bayyana shi. In sun karɓe, shi ke nan, ba laifi. In ka ɓoye aka gano, tara ce mai nauyi, har biza tana iya salwanta. Tsarabar masu gida kuwa, hula ko turmin atamfa ya wadatar. Ka sa rigar sanyi mai kauri, domin hunturunsu daga Yuni zuwa Agusta ne, wanda ya zo zangon karatu na Yuli kuwa tsakiyarsa zai faɗo. Gidaje da yawa a Melbourne da Sydney ba sa riƙe ɗumi, kuma mai gida ba zai so ka kwana da hita a kunne ba saboda kuɗin wuta.

Na biyu, fom ɗin neman masauki. Kar ka cike shi da gaggawa. Rubuta ƙarara cewa ba ka cin alade, ba ka shan giya, naman halal kake so. Wasu gidajen suna ƙara kuɗi a kan haka, ka biya kawai, ya fi arha a kan sayen abinci a waje kullum. Sai kare. A can kare ɗan gida ne, yana hawa kujera, wani ma a ɗakin mai gida yake kwana. In ba za ka iya ba, faɗa tun a fom. In ka riga ka sauka, roƙi a hana shi shiga ɗakinka, ka riƙa rufe ƙofa.

Yanzu ga inda ake faɗuwa: teburin abinci a makon farko. Mu mun taso da cewa baƙo ba ya amsa tayi da farko. Sai ka ce ka ƙoshi, a matsa, ka sake ƙi, a rantse, sannan ka sa hannu. Can ba mai matsa maka. Uwar gida ta ce ko za ka ƙara, ka ce a'a, ta kwashe tukunya ta sa a firji, magana ta ƙare. Ana cin abincin dare da wuri, wajen ƙarfe 6 zuwa 7, kafin sha ɗaya cikinka na ƙugi, kana kwance kana cewa mutanen nan marowata ne. Ita kuma tana can tana damuwa ko girkinta ne bai yi maka ba. In kana so, ce kana so. In abu bai yi maka ba, faɗa cikin ladabi tun ranar farko, in ba haka ba za a ci gaba da dafa maka shi duk mako, tunda ka yaba.

Karin kumallo ma ba mai kawo maka. Za a nuna maka inda burodi da madara da Weet-Bix (busasshen abincin alkama da ake ci da madara) suke, ka haɗa da kanka. Wanda ya zauna a ɗaki yana jiran sallama zai tafi aji da yunwa. Vegemite, wani baƙin abin shafa wa burodi, ɗan kaɗan ake shafawa a kan bota, gishiri ne da shi sosai. Tambayi abin da aka yarda ka ɗauka a firji da wanda aka ajiye don girki. Ranar da za ka makara, tura saƙo tun da rana. In za su yi gashi a tsakar gida, kamar yadda suke yawan yi a ƙarshen mako, nemi a gasa naka daban a kan takardar alminiyom. Azumi in ya matso, sanar da su da wuri, a ajiye maka rabonka, kuma ka yi sahur ba tare da ƙarar tukwane ba.

Za su ce ka kira su da sunansu, ko da sun haifi babanka. Da nauyi, amma yi hakan. Kuma ka dube su in suna magana, sunkuyar da kai a wurinsu alamar ɓoye wani abu ne.

Banɗaki shi ne na biyu wajen jawo rigima. Ƙasan banɗakinsu a bushe yake zama. Ajiye butarka a gefe, ka yi musu bayaninta sau ɗaya, bayan alwala ka goge ƙasa da bakin kwamin wanke hannu. Wanka gajere, domin tun dogon farin da suka sha a shekarun 2000 aka saba musu da wankan minti huɗu. Alƙibla kuma yamma take, ta ɗan karkata arewa, kar ka fuskanci gabas bisa sabo.

Sydney tana gaban Najeriya da awa 9, daga Oktoba zuwa farkon Afrilu awa 10. Lokacin da 'yan uwanka a Najeriya suka samu sukunin kira, masu masaukinka sun yi barci. Kira da safe, ko ka sassauta murya.

Sauran ba wuya. Ba 'yan aiki, don haka kai farantinka kicin, ka tambayi ranar wanki. Bola mai jan murfi ta shara ce, mai rawaya ta kwalabe da kwali. Sayi katin mota: Opal a Sydney, Myki a Melbourne. Hannun hagu suke tuƙi, dubi dama kafin ka tsallaka titi. A bakin teku yi iyo tsakanin tutocin nan masu ja da rawaya kawai. Lambar gaggawa 000 ce. In za ka tashi daga gidan, yawanci sanarwar mako biyu ake bayarwa, a rubuce.