Yadda Ake Shirya Zanen Littafin Yara

Duk wanda aka ba shi labari domin ya yi masa zane, abin da ya fi dacewa ya fara da shi shi ne ya ajiye fensir ya karanta labarin sau da yawa, har da ɗaga murya, saboda galibin littattafan ƙananan yara babba ne yake karantawa, yaro kuwa idonsa yana kan hoto. A wannan karatun ne mai zane zai gane inda labarin yake sauri da inda yake jan numfashi, kuma zai lura da abubuwan da marubuci bai faɗa ba, waɗanda su ne ainihin rabonsa a cikin aikin.

Daga nan sai rabon shafuka. Yawancin littattafan hotuna na yara shafi 32 ne, domin a maɗaba'a ana buga shafuka da yawa a kan babbar takarda guda sannan a ninke ta, shi ya sa adadin yake tafiya takwas-takwas. Idan aka cire shafin suna da na bayanan bugu, abin da yake saura ga labari bai cika wuce buɗi 14 ba, wato shafuka biyu-biyu masu fuskantar juna. Mai zane ya ɗauki takarda ɗaya ya ja ƙananan akwatuna masu girman kwalin ashana, ya cika kowanne da zane na gaggawa, ba tare da damuwa da kyau ba. A ganina wannan ne mataki mafi nauyi, kuma shi ne wanda masu koyo suka fi tsallakewa, alhali a nan ake gane cewa buɗi uku a jere sun yi kama da juna, ko kuma an bayyana abin mamaki tun kafin lokacinsa. Abin da ake so ya firgita yaro ko ya ba shi dariya, a bayan juya shafi ake ɓoye shi. Haka kuma idan rubutun daga hagu zuwa dama yake tafiya, ya kyautu jarumin labarin ya riƙa fuskantar dama, domin ya ja idon yaro zuwa gaba.

Siffofin mutane da dabbobi daga kallo suke samuwa. Ya kamata mai zane ya riƙa yawo da ƙaramin littafin zane, yana kama yadda yaro yake riƙe kofi da hannu biyu, da yadda kyanwa take miƙa. Tsayin babban mutum ya kai kimanin tsawon kansa sau bakwai da rabi, na yaro ɗan shekara biyu kuwa bai wuce huɗu zuwa biyar ba, kuma idanunsa sun fi sauka ƙasa a fuska. Wanda ya manta da wannan zai zana tsoho gajere yana zaton yaro ya zana. A zana jarumin ta gaba, ta gefe da ta baya, yana fushi, yana barci, har sai hannu ya saba da shi.

Hoto kuma kada ya tsaya ga maimaita kalmomi. Randolph Caldecott, mai zanen Ingila da ya rasu a 1886, wanda ake ba da lambar yabo da sunansa a Amurka tun 1938, ya shahara ne da zanen da yake ƙara wa gajeren rubutu wani labari na daban.

Kafin a taɓa launi, a ninke takardu takwas gida biyu, su ba da shafi 32, a manna zane da rubutu a ciki, a karanta wa yaro, sannan a kai wa edita. Gyara a wannan lokacin ba ya cin komai sai fensir. Wajen zane na ƙarshe, a nesanta fuska da hannu daga tsakiyar buɗi inda ɗinki yake haɗiye su, a bar wa rubutu fili mai haske, a kuma zarce da launi milimita 3 bayan layin da za a yanke gefen takarda a maɗaba'a. Idan da kwamfuta aka yi aikin, a adana shi a kan ɗigo 300 a kowane inci, a tsarin tawada huɗu da ake kira CMYK, domin shuɗi da kore masu ƙyalli a allo sukan dusashe a kan takarda.