Yadda ake tonglen, numfashin tausayi na 'yan Tibet

Shekara takwas ina harkar tumatir a Mile 12, kuma wallahi Legas ta so ta busar min da zuciya, kullum ka ga mabarata a bakin titi, ka ga yaranmu sun sauko daga tirela ko takalmi babu, har idonka ya saba ka daina ganinsu. Sai da ƙanina ya kwanta jinya wata biyu ba abin da zan iya yi masa ban da biyan kuɗin magani, a zaman jinyar nan ne na fara karanta abin da mabiya Buddha na Tibet ke kira tonglen.

Kalmar nufinta bayarwa da karɓa. Ana danganta koyarwar da Atisha, malami ɗan Bengal da ya shiga Tibet a 1042, daga baya a ƙarni na 12 wani malamin Tibet, Geshe Chekawa, ya yaɗa ta, kuma an ce kutare ya fara koya wa. Wannan na kutaren shi ya kama ni.

Bari in faɗa tun yanzu ni Musulmi ne. Ainihin tantra ɗinsu, tafarkin ibadarsu mai zurfi da suke kira Vajrayana, sai lama, wato malaminsu na addini, ya ba mutum izini, akwai surantar Chenrezig, wanda suke ɗauka alamar tausayi, a zuci da maimaita mantra, wato kalmomin ibadarsu, wannan ibadarsu ce ban taɓa ta ba kuma ban ce ka taɓa ba. Numfashin kawai na ɗauka.

Ga yadda ake yi. Samu wuri ka zauna, bayan asuba ya fi kafin janareton maƙwabta ya tashi, ka ɗan yi shiru har numfashinka ya daidaita. Sai ka kawo mutum ɗaya a ranka, ɗaya tak, wanda kake so kuma yake cikin wahala, kar ka ce duniya gaba ɗaya za ka fara da ita. In za ka ja numfashi ka ɗauka ciwonsa baƙin hayaƙi ne mai zafi mai nauyi kana janyo shi zuwa ƙirjinka, in za ka saki ka ɗauka sanyi da haske da sauƙi kake tura masa. Ja, saki, kamar minti goma.

Nan ne wuyar take, jikinka zai ƙi, za ka ji tsoro kamar ciwon zai dawo kanka, ni ranar farko tashi na yi na bar wurin. Ba cuta kake shaƙa ba ɗan'uwa, son kan nan da ke sa mu kau da kai ne yake ihu. In ya yi maka nauyi koma kanka, ja naka tsoron ka sakar wa kanka sauƙi, su ma malamansu cewa suke a fara da kai.

Bayan sati ɗaya ko biyu ka faɗaɗa, kwandastan danfon da ya zage ka, dillalin da ya cuce ka. Ni har yanzu na dillalin yana ba ni wuya.

Numfashin bai warkar da ƙanina ba, Allah ne ya ba shi lafiya ta hannun likitoci. Amma yanzu in go-slow ya riƙe mu a Ketu wata tsohuwa ta miƙo hannu ta taga, ina kallon fuskarta, in da canji in ba ta, in babu in ce Allah ya ba mu, Baba.